Yunwa, ƙoshi da ƙishirwa: abin da ciki ke faɗa da abin da baki ke ci a Kilomita Biyar

Unguwar Kilomita Biyar, wadda mutanen Bangui ke kira PK5 ko KM5, tana gunduma ta 3 ta babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Nan babbar kasuwar birnin take, nan kuma babban masallacin da Fafaroma Francis ya shiga ranar 30 ga Nuwamba 2015. Hausawa, Fulani, Barebari, Larabawan Chadi, 'yan Senegal da 'yan Mali sun daɗe suna kasuwanci a cikinta. A layi ɗaya na kasuwar sai ka tarar da mutum biyu: ɗan dako da ya danna tuwon rogo da hantsi har cikinsa ya yi tim, da mai shago da tun safe yake kurɓar shayi mai sukari yana korawa da lemon kwalba. Tambayi na farko, zai ce alhamdu lillahi ya ƙoshi. Tambayi na biyu, zai ce yau bai sa komai a bakinsa ba. Dukansu gaskiyar abin da suke ji suka faɗa, amma in aka auna abin da ya shiga jiki, ɗan dakon bai samu abin da aikinsa ke bukata ba, mai shagon kuwa ya sha sukarin da ya fi ƙarfin zaman kujerarsa.

Shawarar da aka saba ji ita ce: ci in ka ji yunwa, tsame hannu in ka ƙoshi, sha in ka ji ƙishirwa. Tana da daɗin ji. Abin tambaya shi ne, wannan jin da jiki ke yi, har ina za a dogara da shi wajen sanin abin da babban mutum ya ci da abin da ya kamata ya ci?

A 1912 wani malamin ilimin jiki a Amurka, Walter Cannon, ya sa ɗalibinsa Washburn ya haɗiye balan-balan mai siririn bututu, suka ga duk lokacin da tumbi ya murɗa ɗalibin kan ce ya ji yunwa. Aka daɗe ana ɗauka yunwa kukan ciki ce kawai, har aka lura cewa waɗanda aka cire wa tumbi gaba ɗaya a tiyata su ma suna jin ta. A 1999 Masayasu Kojima da Kenji Kangawa suka gano a Japan wani sinadari da tumbi ke zubawa cikin jini, girelin, wanda ke kai saƙon neman abinci ga wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa. Abin sha'awa game da shi, yana tashi ne dab da lokacin da mutum ya saba cin abinci. Wato yana bin al'adarka. Mai azumi ya san wannan tun kafin a ba shi suna: a kwanakin farko na Ramadan yunwa kan taso wajen azahar, ta ciji mutum, sannan ta lafa ba tare da ya ci komai ba. Da a ce ita ce ma'aunin abin da ya rage a jiki, da ƙaruwa za ta yi ta yi har magariba.

Akwai wani sinadarin mai dogon lissafi, leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller a 1994. Kitsen jiki ke fitar da shi, yana sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke akwai. Sai dai muryarsa ta fi ƙarfi idan ajiya ta ragu. In mutum ya rame, leftin ya faɗi, yunwa ta ƙaru, jiki ya rage ƙona abin da yake da shi. In kitse ya yi yawa kuwa, ƙwaƙwalwa ba ta cika saurarensa ba. Jikin ɗan Adam ya fi tsoron rashi a kan yawa, kuma wanda ya san tarihin fari da yaƙi a yankinmu ba zai ga laifinsa ba.

Ƙoshi kuma hawa biyu ne. Na farko daga tumbi: yana buɗewa, jijiya ta kai labari sama cewa wuri ya cika. Tumbi nauyi da girma yake ganewa, bai san bambancin rogo da wake ba. Na biyu daga hanji, wanda ke tantance mai da furotin da sukari, ya saki nasa sinadaran, irin su CCK da GLP-1, su ce a dakata. Wannan na biyun yana ɗaukar lokaci, shi ya sa mai cin sauri kan wuce iyaka kafin labari ya iso. Allurar nan ta rage ƙiba da ake rububinta a Turai da Amurka, Ozempic da Wegovy, kwaikwayon GLP-1 take yi: masu kuɗi na biya don su ji ƙoshin da ba su ci ba.

A nan ne maganar ta shafi Bangui kai tsaye. Abincin yau da kullum a ƙasar shi ne gozo, tuwon garin rogo, wanda ake ci da miyar ganyen rogo da suke kira ngunza, ko wani ganyen, da tunkuzar gyaɗa, da kifi ko nama in hali ya yi. Hausawa da mutanen Chadi na unguwar suna da shinkafarsu da tuwon masara da kunu, amma rogo shi ne mai araha, shi ake komawa gare shi idan aljihu ya yi sanyi. Gozo yana da nauyi, yana zama a ciki, yana ba da ƙarfin aiki na 'yan sa'o'i. Amma a giram 100 na garin rogo da ƙyar ka samu giram 2 na furotin, alhali gero yana da kamar 11, busasshen wake kuwa ya haura 20. Abin da ke gina tsoka da jini yana cikin miya: ganyen, gyaɗar, kifin. Kuma kowace uwargida ta san abin da ke fara raguwa idan kuɗin cefane ya gaza. Malmala tana nan yadda take, miya ce ke tsinkewa. Tumbi ya cika kamar jiya, kowa ya tashi ya ce ya ƙoshi, ba wanda ya yi ƙarya. Jiki kuwa yana bin bashi a hankali: kasala, ƙarancin jini, rauni da ba ya saurin warkewa, mai shayarwa da ke zubewa ana cewa wahalar goyo ce.

Ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar da Ma'aunin Yunwa na Duniya na 2019 ya ware ita kaɗai a mataki mafi tsanani, kuma hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi ta ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 2 na cikin matsanancin ƙarancin abinci a shekarun 2022 da 2023. Kilomita Biyar ta ɗanɗana nata daban. Bayan harin 'yan bindigar anti-balaka na 5 ga Disamba 2013, Musulmin Bangui da yawa suka tsere Chadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka takure a unguwar, fita ta zama sayar da rai. Manyan 'yan kasuwa da dillalan shanu suka watse, nama da mai da sukari suka yi tsada a birnin baki ɗaya. Daga Disamba 2020 kuma 'yan tawaye suka tare hanyar Garoua-Boulaï, wadda kayan Douala ke bi, na tsawon makonni, motoci suka yi cirko-cirko a kan iyakar Kamaru, farashi ya sake tashi.

Me doguwar yunwa ke yi wa jin ƙoshi? An gwada, a Jami'ar Minnesota, tsakanin 1944 da 1945. Ancel Keys ya tara samari 36 masu lafiya da suka yarda, aka rage musu abinci zuwa kusan rabi na makonni 24, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Hirarsu ta koma ta abinci, wasu suka shiga tara littattafan girki. Da aka sakar musu mara, sai suka riƙa ci har ciki ya yi ciwo suna cewa ba su ƙoshi ba, kuma abin ya bi wasunsu watanni. Don haka idan ka ga wanda ya yi zaman sansanin gudun hijira yana share faranti kamar za a ƙwace, ko dattijuwar da ba ta iya ganin ragowar tuwo ta bari, a ganina kalmar haɗama ba ta dace da su ba. Jikin ne ya koyi darasi, bai kuma yarda cewa an wuce wurin ba.

Ɗaya ɓangaren kuma, na wanda ya samu. Shi matsalarsa abin da ke shiga ba tare da ya yi sallama ba. A 2000 Richard Mattes na Jami'ar Purdue da abokiyar aikinsa suka ba mutane ƙarin kalori 450 kullum na makonni 4, wani zubin a alewa, wani zubin a lemon kwalba. Lokacin alewa, mutanen suka rage sauran abincinsu da kansu ba tare da an ce su rage ba. Lokacin lemo ba su rage ba, nauyinsu ya ƙaru. Abin da aka sha yana wuce tumbi da sauri, ba a tauna shi, ƙwaƙwalwa ba ta rubuta shi a matsayin ci. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 yana ɗauke da sukari kusan giram 35. Ƙananan kofunan shayin nan masu kauri da ake zagayawa da su a majalisa, zubi na ɗaya, na biyu, na uku, ba wanda ke lissafa su, don ai shayi zumunci ne. Ƙin karɓa ma sai a ga kamar raini.

Ba duk ruwa-ruwa ne haka ba. Barbara Rolls ta Jami'ar Jihar Pennsylvania ta gwada a 1999: abinci iri ɗaya, shinkafa da kaza, wata rana a ci shi da kofin ruwa a gefe, wata rana a zuba ruwan nan a ciki a dafa ya zama romo. Romon ya sa matan da aka gwada suka rage abin da suka ci bayansa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kofin ruwan kuwa bai canza komai ba. Ruwan da ya haɗe da abinci yana daɗewa a tumbi. Wannan shi ne sirrin kunu mai kauri da fate da fura. Sai dai abin kaifi biyu ne: ga mai teɓa da ke son ragewa alheri ne, ga lebura ko mai jego da aka tsinka wa kunu don ya isa kowa, cika ciki ne da ruwa.

A Sydney ma, a 1995, Susanna Holt ta ba mutane abinci iri 38, kowanne kalori 240, ta auna wanne ya fi riƙe ciki. Dafaffen dankalin Turawa ya ninka farin burodi fiye da sau uku, kayan fulawa masu mai da sukari suka zo ƙarshe. Wanda ya karya da burodi da fanke da shayi, ya ji ciki na kira kafin azahar, ba sabon abu ya same shi ba.

Har yanzu dai maganar cikin jiki muke yi, alhali yawancin hukuncin a waje ake yanke shi. Girman abin da aka zuba: a wani gwajin Rolls na 2002, da aka ninka abin da ke cikin faranti mutane sun ci ƙarin kashi 30 cikin 100, kuma ba su ce sun fi ƙoshi ba. Yawan kala: ka ƙoshi da shinkafa, a kawo gasasshen nama, sai wuri ya samu, don gundura da ɗanɗano ɗaya ba ta hana marmarin wani. Taro: John de Castro ya bi abin da mutane ke ci a gidajensu ya ga cewa cin da aka yi da jama'a ya fi na kaɗaici da kusan kashi 44 cikin 100. Mu da muke zagaye tire ɗaya, ga mai gida yana cewa “Alhaji, ai ba ka ci komai ba, ƙara mana,” ba sai an kawo mana alƙaluma ba. Amma tiren nan a gidan da babu, akasin haka yake yi. Kunya ke tsame hannu. Babba ya bar wa yara, uwa ta ce ta ci a wurin girki, baƙo ya ce a ƙoshe yake. Mai binciken da zai zo da takarda yana tambayar mutanenmu ko sun ƙoshi, tarbiyyarsu zai auna.

Har tunawa tana da hannu. Paul Rozin ya ba da rahoto a 1998 kan wasu majiyyata biyu da ƙwaƙwalwarsu ta daina riƙe sabon abu. Aka ba su abincin rana suka ci, bayan 'yan mintuna aka sake kawowa suka ci, aka kawo na uku suka fara. Ashe wani kaso na ƙoshi sanin cewa ka ci ne. Mai cin tsaye a bakin shago, loma ɗaya ciniki ɗaya, yana kusa da halin nan fiye da yadda yake zato. Goro kuma, abokin fataken Hausa tun zamanin hanyar Gwanja, yana danne yunwa ya kori barci, amma bai ƙara wa jiki komai ba, jinkirta saƙon kawai yake yi.

Ƙishirwa ta fi yunwa riƙon amana, dalili kuwa a fili yake: jiki na da rumbun kitse na makonni, ba shi da rumbun ruwa. Da zarar gishirin jini ya ƙaru da kashi 1 zuwa 2 cikin 100, ƙwaƙwalwa ta tayar da ƙishi, ta kuma umarci ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya ragu ya yi duhu. Duk da haka tana da nata giɓin. Ƙishi kan mutu tun ruwa na maƙogwaro, mintuna kafin ya kai jini, musamman mai sanyi. Edward Adolph, wanda ya yi nazarin sojoji a hamadar Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga cewa mai aiki cikin zafi ba ya shan abin da ya kai gumin da ya zubar ko da ruwa na gabansa, sai ya zauna cin abinci yake cike giɓin. Binciken Mattes na 2009, inda aka bi mutum 50 na mako guda suna rubuta yunwarsu da ƙishinsu kowace sa'a, ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 na abin da suke sha a lokacin cin abinci ne, kuma sau da yawa suna ci ba yunwa, suna sha ba ƙishi. A Amurka aka yi shi, inda famfo da firiji ke kusa, amma darasinsa ya iso Bangui ta bayan gida: wanda ke ci sau ɗaya a yini, damar shan ruwansa ma ta ragu. Ƙara da cewa famfon kamfanin ruwa na SODECA kan ɗauke, musamman da rani, a yi layi da jarkoki, a kasuwa kuma ruwan leda saye ake yi. Mace mai talla da ba ta da wurin kewayawa kusa takan rage sha da gangan.

Akwai maganar da ke yawo a wayoyi cewa yawancin yunwar da muke ji ƙishirwa ce ta ɓad da kama, a sha ruwa kawai za ta tafi. Hujjarta ba ta da ƙarfi. Abin da aka fi tabbatarwa shi ne akasinsa: jikin da ya bushe ba ya son abinci, musamman busasshe, sai ya sha. Ruwa kofi biyu kafin ci yana ɗan rage abin da wasu ke ci, an fi ganin haka ga masu shekaru, amma cikar tumbi ce ta ɗan lokaci. A unguwar da wasu ke kwana da ruwa don babu, bai kamata a sayar musu da wannan a matsayin hikimar likita ba.

Ramadan ya tara duk waɗannan wuri ɗaya. Bangui na kusa da tsakiyar duniya, don haka azumi bai cika wuce sa'o'i 13 da ɗoriya ba kowace shekara, sai dai na 2024 da 2025 sun faɗo a watan Maris, ƙarshen rani, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa. Da an kira magariba ƙishirwa ce ke gaba. A ɗauki ruwan sanyi, a bi da zoɓo ko lemo, a bi da kunu, tumbi ya cika kafin a taɓa abinci. Ɗan dako ya ji ya ƙoshi bai ci abin kirki ba, gobe kuma ga buhu na jiransa. Mai hali kuwa ya huta bayan tarawihi ya buɗe sabon zama: soye-soye, nama, shayi har dare ya raba. Ga ƙarancin barci, wanda shi ma an auna: a Chicago a 2004, samari 12 da aka bar su barcin sa'o'i 4 kacal na dare biyu, leftin ɗinsu ya ragu da kashi 18, girelin ya ƙaru da kashi 28, kwaɗayin zaƙi da maiƙo ya tashi. Da aka tattara bincike-bincike daga ƙasashe da dama a 2014, an ga masu azumi kan rage kilo ɗaya da ɗan kai a watan, yawancinsa kuma ya dawo cikin 'yan makonni bayan salla. Koyarwar da malamai ke maimaitawa a tafsiri, ta raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, ba ta ce a jira jin ƙoshi ba. Iyaka ta sa tun kafin a kai can, kuma abin da aka gano game da jinkirin saƙon hanji ya goyi bayanta. Amma wa'azi ne ga wanda tirensa ya cika. Wanda nasa bai kai kashi ɗayan ba, abin da yake bukata wake ne da gyaɗa a sahur.

Shekaru na dusashe duka alamun. A 1984 wasu likitoci a Oxford suka hana samari da dattawa masu lafiya ruwa na sa'o'i 24. Dattawan sun fi bushewa a gwajin jini, amma sun fi ƙarancin jin ƙishi, da aka kawo ruwa kuma suka sha kaɗan. Haka cin abinci: ɗanɗano ya ragu, haƙora sun tafi, ƙoshi na zuwa da wuri. Idan Baba ko Inna suka ce “bar shi, ba na jin ƙishi,” gaskiya suka faɗa, amma a miƙa kofin duk da haka, da lokaci, kamar magani, a kuma duba launin fitsari da yadda riga ke zama a jiki.

Wani lokacin kuma alamar da kanta ita ce cutar. Ƙishirwar da ba ta mutuwa, da yawan fitsari har cikin dare, da ci ba ƙoshi ana ramewa, su ne sanannun alamun ciwon sukari, kuma mafi munin abin da mai su zai yi shi ne kashe ƙishin da lemo. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa a asibiti ko kantin magani kan nuna inda aka dosa. Ɗaukewar sha'awar abinci ta kwana biyu tare da zazzaɓi abu ne da aka saba gani a zazzaɓin cizon sauro. Wadda ta wuce makonni, da tari ko zufan dare ko rama, ta tarin fuka ce ko wata cuta mai cin jiki har sai gwaji ya nuna ba haka ba, kuma maganin buɗe ciki da ake saya a tebur ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.